Bayan ƙuri'ar raba gardama: ra'ayi ne ke canzawa, ko masu zaɓen?

Ranar 23 ga Yunin 2016 mutum miliyan 17.4 a Birtaniya suka zaɓi ƙasarsu ta fice daga Tarayyar Turai, miliyan 16.1 suka ce a zauna. Kashi 51.9 cikin 100 ke nan da kashi 48.1, tazarar ƙuri'a kusan miliyan ɗaya da dubu 270. Daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2025 kuwa, duk lokacin da kamfanin YouGov ya tambayi jama'a ko ficewar daidai ce, sai wajen kashi 55 su ce kuskure aka tafka, masu cewa daidai ce kuma su tsaya kusa da kashi 30. Wanda ya tsaya a kanun labarai zai ɗauka ƙasar ce gaba ɗaya ta ciji yatsa. Lallai akwai masu cizon yatsan, amma ba su kai yawan da alƙaluman ke nunawa ba, kuma ba su kaɗai suka buɗe wannan tazara ba.

Abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa

Ƙuri'ar raba gardama ita ce a ajiye wa 'yan ƙasa tambaya guda a kan takardar zaɓe, su yanke hukunci da kansu maimakon wakilansu. Wata doka kan tilasta aiki da sakamakonta, wata kuma shawara ce kawai. Ta Birtaniya a bisa doka shawara ce, sai dai gwamnatin David Cameron ta riga ta yi alkawarin aiwatar da duk abin da ya fito, don haka a siyasance bakin alƙalami ya bushe tun daren ƙirga ƙuri'a.

Ƙuri'ar jin ra'ayi daban ce. Kamfani ne ke tambayar mutum dubu ɗaya ko dubu biyu, ya daidaita amsoshinsu da yawan maza da mata, shekaru, ilimi da yankunan ƙasa, sannan ya ƙiyasta ra'ayin jama'a. Idan mutum dubu aka tambaya, kuskuren da ake sa ran samu ya kai maki uku sama ko ƙasa. Saboda haka tashi daga 48 zuwa 50 a cikin wata guda ba labari ba ne, sai an ga motsin ya ɗore watanni kuma kamfanoni da dama sun gano shi.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan. Idan aka tambayi mutum yau abin da ya zaɓa shekaru da suka wuce, ba kowa ke faɗin daidai ba. Wani ya manta, wani bai ma fita zaɓen ba amma ya ce ya fita, wani kuma ya gyara tarihinsa don ya dace da ra'ayinsa na yanzu. Maganin wannan shi ne a riƙa komawa wurin mutane guda, ana yi musu tambaya guda shekara bayan shekara, kamar yadda masu binciken British Election Study ke yi da dubban mutane. Ta haka ne kawai ake bambance wanda ya sauya tunani da wanda ya sauya labari.

Shekarun farko: kowa ya ja daga

Da safiyar da aka bayyana sakamako Cameron ya sanar zai sauka. Cikin 'yan kwanaki sama da mutum miliyan huɗu suka sa hannu a takardar koke ta intanet suna neman a sake ƙuri'ar, jaridu kuma suka cika da hirarrakin masu da-na-sani. Amma da aka auna, ra'ayi bai motsa ba. Har tsakiyar 2017 ɓangarorin biyu kankankan suke, sau da yawa ma masu cewa ficewar daidai ce ke ɗan gaba. Daga ƙarshen shekarar ne masu cewa kuskure ne suka fara wucewa, da 'yan maki kaɗan.

Abin mamakin shi ne irin dambarwar da aka sha ba tare da alƙaluman sun girgiza ba. Theresa May, wadda ta gaji Cameron a kujerar firayim minista, ta kai yarjejeniyar ficewa gaban majalisa sau uku a farkon 2019, sau uku ana yin watsi da ita, na farko da tazarar ƙuri'a 230. An ɗage ranar ficewa sau da dama. Wani koken neman a janye ficewar baki ɗaya ya tara sa hannu sama da miliyan shida. Duk da haka, a Disambar 2019 Boris Johnson ya ci zaɓe da rinjayen kujeru 80 bisa alkawarin kammala ficewar, kuma ƙasar ta fita ranar 31 ga Janairun 2020.

Tazarar ba ta buɗe sosai ba sai a 2021 da 2022, bayan sabbin ƙa'idojin kasuwanci sun fara aiki, hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 a Oktoban 2022, gwamnatin Liz Truss ta ruguje cikin kwana 49. Wato muhawara da ƙasidun masana ba su yi abin da kuɗin wuta da na cefane suka yi ba, ko da yake ba ficewar kaɗai ta jawo tsadar ba: annobar korona da yaƙin Ukraine suna ciki.

Daga ina tazarar ta fito?

Hanya uku ce, kuma kowacce da nauyinta.

Ta farko ita ce sauya ra'ayi na gaskiya. Binciken YouGov na waɗannan shekaru ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda suka zaɓi ficewa yanzu na cewa kuskure ne, yayin da a cikin masu son zama waɗanda suka koma cewa ficewar daidai ce ba su kai ɗaya cikin goma ba. A sauƙaƙe lissafin da mutum 100 da suka jefa ƙuri'a a 2016: 52 sun ce a fita, 48 sun ce a zauna. Wajen 10 daga cikin 52 ɗin sun tsallaka, uku ko huɗu daga cikin 48 ɗin sun tsallako. Ribar ɓangare guda mutum shida ne ko bakwai. Wannan ya isa ya juya sakamakon da tazararsa maki huɗu ce kacal, amma yana kuma nufin mafi yawan masu ficewa, wajen biyu cikin uku, suna nan a kan bakansu. Akwai kuma waɗanda suka koma cewa ba su sani ba. Wannan rukuni ya fi girma a ɓangaren masu ficewa, kuma shi ne zangon da mutum kan yada kafin ya tsallaka ko ya koma gida. Idan jarida ta cire su daga lissafi, sai tazarar ta ƙara kumbura a ido.

Ta biyu ita ce waɗanda ba su fita ba. Kashi 72.2 na masu rajista ne suka kaɗa ƙuri'a a 2016, wato kusan mutum miliyan 13 sun zauna a gida. Ƙuri'ar jin ra'ayi tana tambayarsu su ma, kuma waɗanda ke da ra'ayi a cikinsu sun fi karkata ga Turai. Farfesa John Curtice na Jami'ar Strathclyde ya daɗe yana jan hankali kan cewa rinjayen da masu son zama suka fara samu a 2018 da 2019 daga wannan rukuni ya fi fitowa. Ko za su fito ranar zaɓe na gaske, wannan wata magana ce, tun da ba su fito a na farko ba.

Ta uku ita ce wadda ba a cika son faɗa ba: mutuwa da haihuwa. A 2016 kusan bakwai cikin goma na matasa 'yan shekara 18 zuwa 24 da suka yi zaɓe sun ce a zauna, kusan shida cikin goma na 'yan sama da 65 sun ce a fita. Kowace shekara mutum sama da dubu 600 ke rasuwa a Birtaniya, galibinsu tsofaffi, wasu sama da dubu 700 kuma ke cika shekara 18. Tsohon shugaban YouGov, Peter Kellner, ya lissafa cewa ko da babu mutum guda da ya canza ra'ayi, wannan musaya kaɗai za ta cinye rinjayen masu ficewa a watan Janairun 2019. Ana iya jayayya da ranar da ya tsayar, domin lissafin ya dogara da yawan matasan da za su fita zaɓe, amma alkiblar ba abar musu ba ce. Yarinyar da take aji uku na sakandare ranar ƙuri'ar, idan yau ta ce kuskure aka yi, ba nadama take yi ba, domin ba a tambaye ta ba tun farko.

Me ya sa mutane ke kafewa?

Zaɓen jam'iyya ana sake shi bayan shekara huɗu ko biyar, kuma mutum na iya cewa ɗan takarar ne ya ci amanarsa. A ƙuri'ar raba gardama ba ɗan takarar da za a ɗora wa laifi, shawarar taka ce, kuma ka riga ka yi musu a kanta da maƙwabci da suruki da abokin aiki. Janyewa na nufin amsa cewa su ne suka yi gaskiya.

A Birtaniya abin ya zama kamar ƙabila. Binciken cibiyar NatCen a 2018 ya gano kashi 44 na mutane na ɗaukar kansu riƙaƙƙun 'yan ficewa ko riƙaƙƙun 'yan zama, alhali masu irin wannan riƙo ga jam'iyyar siyasa kashi 9 ne kawai. Sunayen da ba a san su ba kafin 2016 sun fi jam'iyyun da suka haura shekara ɗari kama zuciya. Da zarar an kai nan, labari guda kan samu fassara biyu. Darajar fam ta faɗi washegarin ƙuri'ar, ɗan zama ya ce ga irinta nan, ɗan ficewa ya ce kayanmu za su yi araha a kasuwar waje.

Sannan akwai ƙofar fita da ba ta buƙatar amsa kuskure: a ce shawarar daidai ce, masu aiwatarwa ne suka ɓata ta. Nigel Farage, ɗaya daga cikin jagororin fafutukar ficewa, da kansa ya faɗa wa BBC a Mayun 2023 cewa ficewar ta gaza, amma ya ɗora laifin a kan 'yan siyasar jam'iyyar Conservative. Shi ya sa tambayar "ficewar tana tafiya daidai?" ke samun "a'a" fiye da yadda tambayar "kuskure ne da aka fita?" ke samun "e". Mutum guda na iya ce wa ta farko a'a, ya ce wa ta biyu a'a, ba tare da ya saɓa wa kansa ba.

Inda aka sake jefa ƙuri'ar

Birtaniya ba ta sake ba, don haka sai a duba waɗanda suka sake. Misalin Ireland ya fi kowanne fitowa fili. A Yunin 2001 'yan ƙasar suka ƙi yarjejeniyar Nice ta Tarayyar Turai da kashi 54, a Oktoban 2002 suka amince da ita da kashi 63. A ido juyin waina ne. Amma a duba ƙuri'un kansu: masu cewa a'a wajen dubu 529 ne a karon farko, wajen dubu 535 a karo na biyu. Ko gezau ba su yi ba. Masu cewa e ne suka tashi daga wajen dubu 453 zuwa dubu 906, domin fitowar jama'a ta tashi daga kashi 35 zuwa kusan 50. Waɗanda suka yi barci a karon farko ne aka tasa.

Yarjejeniyar Lisbon ta zo da wani salo. A Ireland ɗin dai an ƙi ta a Yunin 2008, aka amince da ita da kashi 67 a Oktoban 2009, kuma a wannan karon ƙuri'un a'a sun ragu daga sama da dubu 860 zuwa ƙasa da dubu 600. Nan an samu sauyin ra'ayi na gaske, sai dai abu biyu ya faru a tsakani: bankunan ƙasar sun durƙushe, kuma Tarayyar ta ba da tabbaci a kan haraji, da matsayin ƙasar na 'yar ba-ruwanmu a harkar soja, da ci gaba da riƙe kujerar kwamishinanta. Haka Denmark: ta ƙi yarjejeniyar Maastricht da kashi 50.7 a 1992, ta amince da kashi 56.7 a 1993 bayan an cire ta daga abubuwa huɗu, ciki har da kuɗin bai-ɗaya. Tambayar da aka kawo karo na biyu ba ita ce ta farko ba.

A Chile kashi 78 suka ce a rubuta sabon kundin tsarin mulki a 2020, kashi 62 suka yi fatali da daftarin a 2022. A na farko zaɓe ganin dama ne, mutum miliyan bakwai da rabi suka fito. A na biyu dole ne, suka kai miliyan 13.

Wannan salo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. A Nuwamban 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tambayi mutanen Arewacin Kamaru da ke ƙarƙashin riƙon Birtaniya, wato yankunan Dikwa, Gwoza, Mubi, Ganye har zuwa Mambila, ko su shiga Jihar Arewa lokacin da Najeriya za ta samu 'yanci, ko a jinkirta shawarar. Kashi 62 suka ce a jinkirta. A Fabrairun 1961 kusan kashi 60 suka zaɓi Najeriya, aka kafa Lardin Sardauna. Cikin wata 15 abu uku ya canza: tambayar ta koma Najeriya ko Jamhuriyar Kamaru, babu zaɓin jinkiri, an yi wa tsarin En'e gyara, wanda shi ne babban koken jama'a a 1959, kuma mata, waɗanda ba su yi zaɓen farko ba, sun yi na biyu.

Inda tambaya ba ta canza ba, sakamako kan yi nauyin jiki. Norway ta ƙi shiga ƙungiyar Turai da kashi 53.5 a 1972, ta sake ƙi da kashi 52.2 a 1994. Scotland ta ƙi ɓallewa daga Birtaniya da kashi 55 a 2014, kuma tun daga nan ra'ayi na yawo kusa da rabi da rabi. A ƙarƙashin wannan natsuwa akwai zirga-zirga: bayan 2016 wasu masu ƙin ɓallewa da ke son Turai sun koma son ɓallewa, wasu masu son ɓallewa da ke ƙin Turai sun yi akasin haka, sai suka kusan share juna. Tsayuwar jimilla ba ta nufin kowa na inda yake.

Da-na-sani ba komawa ba ce

Masu son a sake ƙuri'ar suna cewa alkawuran 2016 ba su cika ba, suna nuna jar bas ɗin kamfen ɗin ficewa da aka rubuta wa cewa ana aika wa Tarayyar fam miliyan 350 kowane mako, gara a zuba su a asibitocin gwamnati. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce adadin yaudara ne, domin bai cire rangwamen da ake yi wa Birtaniya a lokacin a kan kuɗin da take biya ba. Suna kuma cewa bai dace miliyoyin matasa su rayu da hukuncin da ba su yanke ba.

Masu adawa suna cewa idan za a yi ta maimaita ƙuri'a har sai an samu amsar da manya ke so, to ba ta raba wata gardama ba. Suna tunatar da cewa an faɗa wa jama'a sau ɗaya za a yi ta a wannan zamani, kuma ƙuri'un jin ra'ayi da dama sun nuna masu son zama ne a gaba har daren zaɓen 2016, suka kuma sha kaye. A ganinsu ikon yin dokokin ƙasa da tsaron iyaka ba abu ne da ake aunawa da farashin tumatir na shekara biyu ba.

Ko an ajiye wannan musu, komawa ba ita ce warware ficewa ba. Sai Birtaniya ta nemi shiga a matsayin sabuwa, dukkan ƙasashe 27 su amince. Rangwamen da firayim minista Margaret Thatcher ta samo a 1984 ya tafi, kuma a ƙa'ida sabbin mambobi na ɗaukar alkawarin karɓar kuɗin yuro. Idan aka saka waɗannan sharuɗɗa a cikin tambaya, goyon bayan komawa kan ragu ƙwarai. Wannan na cikin dalilan da jam'iyyar Labour, wadda yawancin magoya bayanta 'yan zama ne, ta shiga zaɓen 2024 da alkawarin ba za ta koma kasuwar bai-ɗaya ko tsarin kwastan na Tarayyar ba, sai dai gyaran dangantaka.

Abin da ya iso ƙofar talaka

Yarjejeniyar kasuwancin da ta fara aiki a Janairun 2021 ba ta sa haraji a kan kaya ba muddin an tabbatar da asalinsu, amma ta kawo takardu. Mai ƙaramin kamfanin cuku ko kifi da a da yake loda mota ya aika Faransa kamar yadda zai aika Manchester, yanzu sai ya cike takardar kwastan, ya kuma biya likitan dabbobi ya sa hannu a shaidar lafiyar kaya. Babban kamfani na da ma'aikatan wannan aiki, ƙarami kuwa sau da yawa ya haƙura da kasuwar. Matafiyi ɗan Birtaniya ba zai wuce kwana 90 cikin kowane 180 a yawancin ƙasashen Turai ba sai da biza. Ofishin da ke sa ido kan kasafin kuɗin ƙasar ya ƙiyasta cewa a dogon zango ƙarfin samar da arziki zai gaza da kashi 4 bisa yadda zai kasance da an zauna, adadin da masu goyon bayan ficewa ke jayayya da shi.

Batun baƙi ne ya fi shafar mutanen Afirka ta Yamma. 'Yan Najeriya da Ghana da Kamaru mazauna Birtaniya sun samu damar jefa ƙuri'a a 2016 a matsayinsu na 'yan ƙungiyar Commonwealth, alhali Bafaranshe ko Bajamushe da ya shekara ashirin a Landan bai samu ba idan bai karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba. Da aka rufe ƙofar shigowar Turawa ba biza, sabon tsarin 2021 ya buɗe wa ma'aikatan jinya, masu kula da tsofaffi da ɗalibai daga wajen Turai. A 2023 Najeriya ce ta biyu bayan Indiya a yawan masu shigowa daga wajen Tarayyar, kuma rarar masu shiga a kan masu fita ta haura dubu 900 a shekara guda, fiye da ninki biyu na adadin lokacin ƙuri'ar.

Wanda ya zaɓi ficewa don a rage baƙi, idan aka tambaye shi zai ce abin bai yi ba, a kuma lissafa shi cikin marasa gamsuwa. Amma ba komawa Turai yake so ba. Jam'iyyar Reform ta Farage ta samu ƙuri'a sama da miliyan huɗu a Yulin 2024, kashi 14 cikin 100. Matsin lambar irin waɗannan masu zaɓe ya riga ya sa gwamnati ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyalansu daga Janairun 2024, ta kuma hana masu kula da tsofaffi zuwa da nasu iyalan daga Maris ɗin shekarar, matakan da suka faɗa kan iyalai 'yan Najeriya fiye da na yawancin ƙasashe.